Nazari Kan Kare Wutar Motar Tafi-da-gidanka a Zangon Matafiya

A Amurka, mai motar tafi-da-gidanka idan ya yada zango yakan jona motarsa da turken wutar da aka kafa a gefen wurin fakin. Turakun iri biyu ne. Mai amfiya 30 yana ba da bolt 120, wato wat 3,600. Mai amfiya 50 kuwa layi biyu ne, kowanne bolt 120, jimla wat 12,000. Ƙa'idar ƙasar ta ANSI C84.1 ta so wutar da ake kawowa ta tsaya tsakanin bolt 114 da 126. Matsalar ita ce, tsofaffin zanguna da yawa an ja musu waya tun kafin motoci su fara ɗaukar esi biyu ko uku.

Yawancin matafiya tsawa suke tsoro, shi ya sa suke sayen ƙaramar na'ura mai shanye tartsatsin wuta su ɗauka sun gama. A ganina nan ne kuskuren yake. Wannan na'ura tana maganin hauhawar da ba ta kai ƙiftawar ido ba, amma ba ruwanta da wutar da ta yi rauni tun azahar har magariba. Ga shi kuwa raunin ya fi yawan aukuwa. A watan Yuli, idan zango ya cika kowa ya kunna esi, wutar da ke isa turken ƙarshen layi takan faɗi ƙasa da bolt 108. Kwamfuresar esi ba ta tsayawa don wuta ta ragu. Sai ta ƙara jan amfiya don ta ci gaba da juyawa. Zafin da ke taruwa a wayoyinta kuma ba daidai yake tafiya da amfiyar ba: idan amfiya ta ninka biyu, zafi sau huɗu yake ninkawa. A hankali rufin wayar ke cinyewa, har wata rana injin ya ƙone, mai shi ya ɗora wa kamfanin da ya ƙera shi laifi. Duk wanda ya taɓa sayen sitabilaiza saboda firij a Kano ya san wannan ciwo.

Akwai kuma kurakuran haɗi. Idan wayar nutural ta katse a turke mai amfiya 50, layi ɗaya kan tashi ya doshi bolt 240, ya cinye talabijin da cajar batir nan take. Soket mai amfiya 30 ya yi kama da na tsohon injin busar da kaya, don haka wani mai gyara kan ba shi bolt 240 bisa kuskure. Idan wayar ƙasa ce ta yanke, jikin motar kansa yana iya ɗaukar wuta, kuma wannan rai yake ci.

Abin da ya fi dacewa shi ne na'ura mai sa ido, irin ta Progressive Industries, wadda ke duba turke kafin ta bar wuta ta shiga, ta yanke idan wutar ta sauka ƙasa da bolt 104 ko ta haura 132, sannan ta ɗan jinkirta kafin ta mayar don kwamfuresa ta huce. Taransifoma mai ɗaga wuta, kamar Hughes Autoformer, tana ƙara kusan kashi 10 cikin 100, sai dai wasu zanguna ba sa yarda da ita.

Mai mota ya kashe makunnin turke kafin ya jona waya da kafin ya cire, ya kuma gwada soket da mita. Idan bakin soket ya yi baƙi ko ya saki, ya nemi a sauya masa wuri.