Kayan kariya a wurin gini: wa doka ta ɗora wa nauyi?

Daga Yamai zuwa Garwa da Njamena, magina da leburori da yawa na aiki da silifas a ƙafa, kai babu hula. Idan an raba hular kwano ma, wani lokaci a kuɗin aikin lebura ake cire farashinta. Dokokin ƙwadago na duniya sun yanke magana a kan wannan: nauyin yana kan wanda ya ɗauki mutum aiki.

Mene ne kayan kariya?

Su ne hular kwano, takalmi mai bakin ƙarfe saboda ƙusa da rodi, safar hannu saboda ɗanyen siminti yana cin fata, tabarau na masu walda da masu yankan ƙarfe, takunkumin hanci saboda ƙurar da ke lalata huhu, da ɗamarar igiya ga mai aiki a saman bene. Ana kawo su ne bayan an rage haɗarin tun daga tushe, misali a kafa dandamalin hawa mai ƙwari, a kewaye ramuka.

Abin da yarjejeniyoyi suka ce

Hukumar Ƙwadago ta Duniya, OIT, ta amince da yarjejeniya mai lamba 167 kan lafiyar ma'aikatan gini a shekarar 1988. Ayarta ta 30 ta ce mai ba da aiki ne zai samar da kayan kariya, ya kula da gyaransu, ba tare da ma'aikaci ya biya ko dala ba. Yarjejeniya mai lamba 155 ta 1981 ta riga ta faɗi haka game da kowane irin aiki. A watan Yunin 2022 aka sanya lafiya da tsaro a wurin aiki cikin manyan haƙƙoƙin ƙwadago, wato duk ƙasar da ke cikin hukumar sai ta mutunta wannan ƙa'ida, ko ba ta tabbatar da yarjejeniyar a dokokinta ba.

A cikin gida, kundin dokokin ƙwadago ne madogara: na Kamaru na 1992, na Cadi na 1996, na Nijar na 2012. Duka sun ɗora kiyaye lafiyar ma'aikaci a wuyan mai ba da aiki, kuma ofishin sufetan ƙwadago ke sa ido.

Idan ƴan kwangila sun yi yawa

A shantiye guda akan sami mai gini, babban ɗan kwangila, da ƙananan ƴan kwangila masu zuwa da yaransu. Nan ne kowa ke tura wa wani. Aya ta 8 ta yarjejeniyar 1988 ta raba gardamar: babban ɗan kwangila, ko wanda ke riƙe da ragamar wurin, shi zai tsara matakan kariya gaba ɗaya, sannan kowane ubangida yana da alhakin mutanen da ke ƙarƙashinsa.

Nauyin ma'aikaci

Wajibi ne ya sa kayan da aka ba shi, ya adana su. Zafin rana ba hujja ba ce ta ajiye hula. Aya ta 12 kuma ta ba shi damar janyewa daga aikin da ya ga yana da mummunan haɗari nan take, amma ya sanar da shugaban aiki ba ɓata lokaci.

Idan haɗari ya faru

Asusun kula da ma'aikata, CNSS a Nijar da Benin, CNPS a Kamaru da Cadi, shi ke biyan magani da diyya, kuma mai ba da aiki ne zai kai rahoton haɗarin. Matsalar ita ce yawancin ƴan ci-rani da masu aikin yini ba a yi musu rajista ba, yarjejeniyarsu ta baka ce. Don haka yana da amfani ma'aikaci ya san cikakken sunan wanda ya ɗauke shi, ya riƙe duk wata shaidar biya, ya nemi takardar likita ranar da ya ji rauni, ya kuma samu abokan aikin da za su ba da shaida a gaban sufeta.