Taruwar jini a saman ƙwaƙwalwa

sn., mc. (likitanci). Jinin da ke kwantawa tsakanin ƙwaƙwalwa da tantaninta idan ƙananan jijiyoyi suka tsinke. Galibi buguwar kai ce ke jawo shi, irin faɗuwa daga babur babu hular kwano. Tsofaffi da masu shan maganin tsinka jini kuwa, ɗan bugu kaɗan ya isa, sai bayan makonni ciwon kai da ruɗewa su bayyana. Hoton sikana ne ke tabbatar da shi: sabon jini fari, siffar jinjirin wata, tsoho ya yi duhu. Misali: Ɗan kabu-kabu ya faɗi a kasuwar Malanville, yana ta amai da gyangyaɗi, aka garzaya da shi Parakou, fiye da kilomita 300, don a ɗauki hoton kansa.