Harkul a akwatin talabijin, Bayajida a bakin rijiya

A shekarar 1994 aka fitar da finafinai biyar na talabijin a Amurka a kan Harkul, gwarzon almarar Girkawa, mutanen da littattafan malamai ke kira Yunanawa. Da suka samu karɓuwa sai aka mai da su shiri mai dogon zango, wanda ya fara a watan Janairun 1995, ya ƙare a 1999 bayan kashi 111. Daga jikinsa aka tsiro da na Xena, jaruma mai takobi, wanda ya ɗauki kashi 134 tsakanin 1995 da 2001. Masu shirya su, Sam Raimi da Robert Tapert, ba su kai aikin ƙasar Girka ba. Sun kai shi Niyu Zilan, a kewayen birnin Okland, domin can ya fi araha.

Arahar kuwa ba ta ɓoyu ba. Dodannin na roba ne ko zanen kwamfuta irin na farko-farko, kuma mai lura yakan ga ɗan wasa guda ya mutu a wannan kashi ya dawo da wani suna a na gaba. Hera, matar Zus, wadda ita ce babbar abokiyar gabar Harkul, an daɗe ba a ba ta jiki ba. Idanu biyu kawai ake nunawa a cikin gajimare da gashin ɗawisu. Tarihi ma ba a ji tausayinsa ba, don Xena ta halarci yaƙin Taroya, ta kuma yi hulɗa da Yuliyus Kaisar, alhali fiye da shekara dubu ne tsakaninsu. Duk da haka an sayar da shirye-shiryen a ƙasashe da yawa, an juya su zuwa Faransanci, tashar TF1 ta nuna su. A shekarun ne kuma gidajen kallon bidiyo masu ƙaramin injin wuta suka yaɗu a garuruwan kasuwa na kudancin Damagaram, ana kallon na Indiya da na Sin da na Amurka, kafin na Kano su mamaye wurin.

Tun daga lokacin akwai tambayar da ba ta barin tarukan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu: in har an iya yi wa gumakan Girka wannan hidima da roba da fenti, me ya hana a yi wa Bayajida, ko kakannin sarautun Waca da Dungas? Amsar da aka saba bayarwa ita ce rashin kuɗi. Tarihin silima a Nijar bai goyi bayan wannan amsa ba.

Mustafa Alasan, wanda aka haifa a Ndunga a 1942, ya fara ne da wasan inuwa da zane-zane, kafin ya haɗu da Jean Rouch a Yamai, daga baya ya tafi Kanada ya ƙaro sani wajen Norman McLaren. Tun 1962 ya ɗauki La bague du roi Koda, almarar Zabarmawa ta wani azzalumin sarki da zobensa. A 1966 ya yi Le retour d'un aventurier, inda wani saurayi ya dawo ƙauye da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi gari. Wato shekara talatin kafin Harkul na talabijin, ɗan Nijar ya riga ya yi nazarin abin da gwarzon aro ke yi wa samari, ya kuma yi shi da raha. A 1977 ya fitar da Samba le grand, labarin wani jarumi da gimbiya ta ɗora wa jarrabawa iri-iri, kuma duka ƴan wasan ƴan tsana ne da ya ƙera. Ya ƙare rayuwarsa yana aiki a Tawa da ɗan abin da ke hannunsa, ya rasu a 2015.

Aikinsa da ya fi kusa da almarar Girkawa shi ne Toula ou le génie des eaux, wanda ya yi tare da Bajamushiya Anna Soehring tsakanin 1973 da 1974, bisa labarin da Bubu Hama ya rubuta. Fari ya kama ƙasa, boka ya gaya wa sarki cewa sai an ba aljanin tafki budurwa, aka zaɓi Tula. Saurayin da ke son ta ya tafi neman ruwa don ya cece ta, ya samo, amma ya dawo bayan ruwa ya riga ya rufe ta. Malamin Faransanci da ya taɓa karantar da Iphigénie ta Racine zai gane ƙashin bayan labarin nan take: shugaba, bala'i, bakin boka, da yarinyar da za ta biya bashin jama'a. Bambancin shi ne masu kallon Tula na farko suna cikin babban farin shekarun nan, dabbobinsu na mutuwa, saboda haka ba su kalle shi a matsayin abin da ya wuce ba.

Talabijin kuwa ta shigo Nijar ta ƙofar makaranta a 1964, ta zama ta ƙasa baki ɗaya a 1979. A zamanin Seyni Kunce ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gidan rediyo da talabijin na Damagaram, wadda Yazi Dogo ya yi suna a cikinta, ta nuna cewa tabarma da rawani da bakin da ya iya magana sun isa su tara gari a gaban akwati guda. Sai dai abin da suka fi taɓawa zaman yau da kullum ne: aure, fatauci, cin hanci, rikicin boka da malam. A Kano ma, bayan Turmin Danya na 1990, kamfanin Sarauniya ya ɗauki tatsuniyar Daskin da Riɗi ya mai da ita fim a ƙarshen shekarun nan, da dabarun kyamara marasa tsada, kuma ta samu kasuwa. Ashe gwaninta akwai ta, masu kallo ma akwai su. Abin lura shi ne wane irin labari aka yarda a taɓa.

Bahaushe ya raba tatsuniya da tarihi. Tatsuniya da dare ake yin ta, tana buɗewa da kalmomin da kowa ya sani, tana rufewa da ƙurunƙus, kuma mai yin ta ya riga ya sanar cewa ƙarya ce. Ba wanda zai kai ƙara don an sauya wa Gizo magana. Labaran Girkawa ba haka suka fara ba. Addini ne da asalin birane, ana yi musu yanka. Amma a 391 da 392 sarkin Rum Tiyodosiyus ya haramta bautar gumakan, kuma a hankali labaran suka rasa masu su. Lokacin da Raimi da Tapert suka zo, sun tarar da gona ce da ba ta da magaji, kowa na iya shuka abin da ya ga dama.

A kwatanta labarai biyu. Girkawa sun ce Kadmus ɗan sarki ne daga Tir, a gabar Lebanon ta yau. Ya zo baƙo, ya kashe macijin da ke tsare wani idon ruwa, ya kafa birnin Tebes. Hausawa sun ce Bayajida ɗan sarki ne daga Bagadaza. Ya bi ta Barno, maƙeran Gaya suka ƙera masa wuƙa, ya sauka Daura a gidan tsohuwa Ayana, ya kashe macijin rijiyar Kusugu da ke hana ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, ya auri Daurama. Kamannin sun ja hankalin masana tun zamanin Turawa, har wasu suka yi ta ƙoƙarin ƙulla dangantaka, abin da ya fi kama da zumuɗi fiye da hujja, don kashe maciji a bakin ruwa labari ne da ake samu a sassan duniya da dama. Inda suka rabu ya fi muhimmanci. Babu mai riƙe da sarauta yau da sunan Kadmus. Rijiyar Kusugu kuwa tana nan ana ziyartarta, kuma fadar Daura tana lissafa sarakunanta daga Bawo ɗan Bayajida.

Wannan lissafi bai tsaya a kan iyaka ba. Bayan da mutanen jihadi suka ci Daura wajen 1805, Sarkin Gwari Abdu ya fita da jama'arsa, kuma magadansa sun yi zama a Yekuwa, wadda ke cikin gundumar Magarya a yau, kafin su kafu a Zango, har Ingilishi suka mai da gidan kan gadon Daura a 1906. Waca da Dungas da Mirya kuma ƙasashen Sosebaki ne, waɗanda ke danganta asalinsu ga Muhammadu Nafarko, ɗan sarki daga Barno, kuma Damagaram ta rinjaye su a ƙarni na 19. Duk wanda zai sa waɗannan labarai a gaban kyamara dole ya yanke hukunci a kan abin da maroƙan fada ke kewayewa da hikima: wane ne wa, wane ne ƙane, wa ya bi wani, wa ya gudu. A labarin Bayajida kansa akwai Bagwariya da ɗanta Karɓagari, da sunan nan na Banza Bakwai, wanda mutanen Kabi da Zamfara ba su da dalilin yin murna da shi. Kuskuren marubuci a nan ba ya tsayawa a kan allo. Yana iya isa zauren sarki kafin gari ya waye.

Ba a ce hanyar a toshe take ba. André Salifou, ɗan Damagaram, ya rubuta wasan Tanimoune a kan sarkin da ya yi mulki har 1884, aka buga shi a 1973. Amma labarin Sarauniyar Lugu, wadda ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899, ya nuna nauyin abin. Abdullahi Mamani ya rubuta littafin a 1980, Med Hondo ya shirya ɗaukar fim ɗin a Nijar, daga ƙarshe sai a Burkina Faso aka yi shi, ya fito a 1986, ya ci babbar kyautar FESPACO a 1987.

Saura batun iskoki. Zus da Hera ba su tsorata kowa a Waca, domin ba wanda ya taɓa jin an ce sun hau kan wata mata. Sarkin Rafi da Inna da Ɗan Galadima kuwa sunaye ne da har yanzu wasu ke kira da girmamawa, wasu ke neman tsari idan an ambace su. Mai shirya fim da ya nuna su da kwarjini zai gamu da malamai, wanda ya mai da su abin dariya zai gamu da ƴan bori da masu zuwa wurinsu a ɓoye. A Kano, inda yawancin finafinan da ake kallo a Magarya da Dungas ke fitowa, gwamnati ta dakatar da sana'ar a ƙarshen 2000 bayan ƙaddamar da shari'a, ta kafa hukumar tace finafinai a 2001. Aljanu ba su ɓace daga allo ba, amma sau da yawa sukan fito ne a gidan boka, su yi ɓarnarsu, malami ya zo da addu'a ya kore su kafin fim ya ƙare.