Wa Zai Biya Kuɗin Tazarar Haihuwa a Gombe?

Tun shekarar 2011 Gwamnatin Tarayya ta ayyana cewa ƙwaya da allura da ashanar hannu na tazarar haihuwa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Sai dai kyautar ta daɗe a jingine da aljihun wasu, musamman hukumar USAID ta Amurka da Asusun Kula da Yawan Jama'a na Majalisar Ɗinkin Duniya. A 2021 Birtaniya ta zaftare kashi 85 cikin ɗari na gudummawarta ga shirin sayen kaya na wannan asusu. A 2025 aka rushe USAID ɗungurungum, a shekarar da kasafin Tarayya shi ma ya rage kason tazarar haihuwa da fiye da kashi 90 cikin ɗari. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Da'awar wannan maƙala ita ce nauyin ya dawo kan Jihar Gombe, kuma abin da za a auna ta da shi shi ne kuɗin da baitulmali ya saki, ba adadin da aka rubuta a kundin kasafi ba.

Gombe ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A ƙananan hukumomin Funakaye da Yamaltu/Deba aka gwada bai wa ma'aikatan lafiya na matakin farko damar yi wa mata allurar tazara a cikin al'umma, kuma wannan gwaji na cikin hujjojin da suka sa Majalisar Lafiya ta Ƙasa ta amince da tsarin a 2012. Darasinsa shi ne mata suna karɓa idan an kusanto musu da abin. Amma kwalin magani a rumbun jiha bai zama hidima ba tukuna. Kafin a dasa wa mace ashana a asibitin Pantami ko Bolari a garin Gombe, sai an sami safar hannu da auduga da maganin kashe zafi da abin gwajin ciki, da man motar da za ta kai kayan, da ma'aikaciyar da ta iya cire ashanar ranar da matar ta so ɗaukar ciki. Waɗannan ƙananan abubuwa ne masu ba da agaji ba su cika saye ba. Idan babu su, sai a rubuta wa mace takarda ta je kemis. Wadda ba ta da kuɗi ta koma gida, wa'adin wata uku na allurarta ya wuce, kwanika ta biyo baya. Jihar da ta gyara cibiyar lafiya a kowace mazaɓa cikin 114, ta kuma kafa hukumar inshorar GoHealth, tana da hanyar isar da kayan. Ga kuma asusun da Dokar Lafiya ta 2014 ta tanada, na aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya.

Masu suka suna cewa shirin tazarar haihuwa makircin Turawa ne na rage yawan Musulmi. Bai kamata a yi wa wannan zargi dariya ba a yankin da bai manta da gwajin maganin Trovan a Kano a 1996 ba, wanda kuma ya ga yadda jita-jitar hana haihuwa ta tsayar da rigakafin shan inna a 2003. Amma zargin ƙarfafa da'awar yake yi: abin da Majalisar Dokokin Gombe ta ware wa kuɗi, malamai suka iya tuhumar gwamna a kansa, ya fi tsira daga shakku fiye da abin da baƙo ya kawo. Ta fuskar shari'a kuwa, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a Kuwait a 1988 cewa hukuma ba ta da ikon ƙayyade wa ma'aurata yawan 'ya'ya, amma tazara ta wani lokaci da yardar miji da mata halal ce. Goyon ciki da shayarwar shekara biyu ma tazara suke samarwa tun zamanin kakanni. Rayuwar birni ce ta raunana su.

Suka mafi nauyi ita ce ta fifiko: ga zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ina dalilin kashe kuɗi a nan? Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna mata 512 ke mutuwa cikin kowace haihuwa dubu ɗari, kuma kusan ɗaya cikin biyar na matan aure suna son jinkirta ciki ko dakatar da shi amma ba sa amfani da komai. Yaron da aka yaye da gaggawa saboda sabon ciki shi ne kan gaba a layin masu tamowa, kuma kuɗin ledar jini da tiyata ga mace ɗaya a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe ya ishi allurar mata da yawa har shekara.