Tarihin Hanyoyin Shiga Jami'a ga Wanda Bai Ci JAMB Ba

Kafin shekarar 1978, kowace jami'a a Najeriya ita ke shirya jarrabawar shigarta, don haka ɗalibin da ya faɗi a Ibadan yana iya gwada sa'arsa a Zariya ko Nsukka. Da gwamnatin soja ta kafa hukumar JAMB mai shirya jarrabawar shiga jami'a a 1978, sai ƙofa ta zama ɗaya, kuma wanda bai kai makin da ake so ba sai ya jira baɗi.

A Arewa, inda makarantun sakandare suka yi ƙaranci, an riga an tanadi wata mafita. Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe makarantar share fage a Zariya, sannan ta ɗauki nauyin jarrabawar IJMB, wadda ke kai ɗalibi aji biyu na jami'a kai tsaye. Jihohi ma suka buɗe kwalejojin share fage irin wannan. Wannan tsari ya ceci 'ya'yan talakawa da dama. Wasu kuma sukan bi ta kwalejin ilimi ko ta kimiyya da fasaha, su samu NCE ko difloma tukuna.

Tun 2010 hukumar JAMB ta haɗe jarrabawar shiga manyan makarantu ta zama guda ɗaya, wato UTME, kuma daga 2015 da kwamfuta ake rubuta ta.