Ƙofa a Illela, kundi a wani gari

A ranar 16 ga Disamba, 2020, gwamnatin tarayya ta sanar da buɗe iyakoki huɗu bayan sun shafe kusan wata goma sha shida a rufe: Seme, Mfum, Maigatari da Illela. Ba a cika shekara uku ba aka sake garƙame ta Illela, sakamakon juyin mulkin da sojoji suka yi a Yamai ranar 26 ga Yuli, 2023, kuma ba ta buɗu ba sai a watan Maris na 2024. Daga Illela zuwa Birnin Konni tafiya ce ta 'yan mintoci a kan babur, harshe ɗaya ne, ga auratayya da cuɗanyar kasuwa. Duk da haka, ranar da za a wuce da ranar da ba za a wuce ba, a Abuja ko a Yamai ake yanke ta. Mutumin Illela ya daɗe da sanin cewa mai gadin ƙofa daban, mai riƙe da kundin waɗanda za su shiga daban.

Ita kanta iyakar daga nesa aka shata ta. A yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a Paris a 1898, an ɗora tsinin alƙalami a kan Sakkwato, aka zana bakan da'ira mai nisan mil 100 daga birnin, aka ce abin da ke ciki na Ingila ne, har da Konni. Da Faransawa suka ga ba a bar musu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram ba, sai aka sake zama a 1904 da 1906, layin ya sauko kudu, ya ratsa tsakanin Konni da inda Illela take. Wani abin ban dariya shi ne, nisan da ke tsakanin tsakiyar da'ira da bakinta, Bature radius yake kiransa, kuma haruffan nan ne sunan tsarin da yau yake tantance masu shiga intanet a makarantu da otal-otal da shagunan sayar da tikitin wifi. Dacewa ce kawai, domin sunan tsarin taƙaitawa ce ta wasu kalmomi da ke nufin tantance mai bugowa daga nesa. Amma matsalar da aka ƙirƙiro shi dominta tsohuwa ce, sarakunan ƙofa na Kano da Katsina sun san ta: wane ne wannan baƙo, ina aka yarje masa ya shiga, kuma nawa ne a kansa.

Labarin RADIUS ya faro ne a jihar Michigan ta Amurka. Akwai wata ƙungiya ta jami'o'in jihar mai suna Merit, wadda ke kula da layukan tarho da malamai da ɗalibai ke bugawa da modem su shiga kwamfutocin makarantunsu. Wuraren bugowa sun yi yawa, sun warwatsu a garuruwa, kuma ajiye jerin sunaye da kalmomin sirri a kowace na'ura ya zama aikin da ba ya ƙarewa: a sallami mutum ɗaya, sai an bi na'urori ɗaya bayan ɗaya ana goge sunansa. A 1991 Merit ta nemi kamfanoni su kawo mafita. Wani ƙaramin kamfani na California, Livingston Enterprises, ya zo da dabarar raba ƙofa da kundi. Na'urar da ke amsa kira ba ta buƙatar sanin kowa. In baƙo ya ba da suna da kalmar sirri, sai ta miƙa tambaya ga wata kwamfuta guda da ke riƙe da kundin, wadda masu sana'ar ke kira saba. Sabar ta duba, ta amsa da a bari ko a hana, in kuma a bari ne ta haɗa da sharuɗɗa, kamar tsawon lokacin da zai yi da irin saurin da za a ba shi. Bayan ya fita, ƙofar ta aiko da lissafin abin da ya ci. Tsakanin ƙofa da saba akwai wata kalmar sirri da su biyu kaɗai suka sani, da ita sabar ke gane cewa mai tambayar ƙofarta ce ba ɗan kutse ba.

An wallafa ƙa'idar tsarin ga kowa a 1997, aka sake tace ta a shekarar 2000 a takardar da ake kira RFC 2865, kuma har yau a kanta ake tafiya. A 1999 Alan DeKok da Miquel van Smoorenburg suka fara FreeRADIUS, manhajar kyauta da kowa zai iya saukewa ya girka. Da zamanin modem ya shuɗe, tsarin bai bi shi ba, sai ya koma wifi. Shirin eduroam, wanda ya samo asali a Holan a farkon shekarun 2000, a kansa aka gina shi: ɗalibin da ya je wata jami'a baƙunta zai shiga wifi da sunan da makarantarsa ta ba shi, sabar masu masauki ta tura tambayar har gida, gida ya shaide shi. Tamkar baƙon fatake ne da ba a saukar da shi sai wani sananne ya ce ya san asalinsa.

A wannan yanki, hanyar da tsarin ya fi shigowa ita ce 'yar takardar tikiti. Tun da Starlink ya fara aiki a Nijeriya a Janairun 2023, sayen layi ɗaya a rarraba wa unguwa ya zama sana'a, kuma a Nijar ma wuraren sayar da tikitin wifi sanannu ne. Yawanci da na'urar MikroTik ake yi, ta wani kamfanin ƙasar Latbiya. Mai saye ya biya kuɗin awa ɗaya ko na yini, a ba shi lamba, ya rubuta a shafin da ya buɗe a wayarsa. In ƙofa ɗaya ce, na'urar kanta tana iya riƙe kundin, kuma gaskiya mai shago ɗaya ba ya buƙatar fiye da haka. Lissafi yana canzawa ne ranar da ƙofofin suka yawaita, a ce ɗaya a tasha, ɗaya a bakin kara, ɗaya a masaukin direbobi, ana kuma son tikitin da aka saya a nan ya yi aiki a can. Nan aka dawo kan matsalar Merit ta 1991, kuma zaɓi biyu ne: ko a yi hayar saba a wani kamfani da ke nesa, ko a ajiye ta a gida.

Haya ta fi sauƙi, amma tarihin 'yan shekarun nan bai ba mutumin iyaka dalilin sakin jiki da ita ba. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara baki ɗaya, sannan a ƙananan hukumomi 14 na Jihar Sakkwato, saboda yaƙi da 'yan bindiga. A 2022 manyan bankuna suka takaita ko suka dakatar da biyan kuɗin waje da katin naira, a Yunin 2023 kuma aka saki darajar naira, duk abin da ake biya da dala ya yi tashin gwauron zabo. Ranar 14 ga Maris, 2024, kwana ɗaya bayan umarnin buɗe iyaka da Nijar, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka tsinke a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. Sabar gida ba ta dawo da intanet in ya yanke, wannan a bayyane yake. Abin da take yi shi ne hana ƙofa makancewa. Asibiti ko makaranta ko ofishin masu fiton kaya da ke da bayanansu a kwamfutar cikin gida, ma'aikatansu za su ci gaba da shiga ko da layin waje ya mutu. Wanda kuma ya sauya daga layin wani kamfani zuwa tauraron ɗan'adam, kundinsa na nan inda ya bar shi.

Abin da ya daɗe yana hana ƙananan wurare riƙe sabarsu shi ne wahalar girkawa, kuma a nan kwantena ta shigo. Direbobin Illela ba sa neman a yi musu bayanin ta ƙarfe. Tun da Malcom McLean ya loda akwatuna 58 a jirgin ruwa daga Newark zuwa Houston a 1956, kaya ke tashi daga jirgi zuwa tirela ba tare da an kwance su ba. Masu manhaja sun aro sunan ne don abu makamancin haka: a ƙunshe manhaja da duk abin da take dogaro da shi a dunƙule ɗaya, ta yi aiki iri ɗaya a kowace kwamfuta, ba tare da ta cakuɗe da maƙwabtanta ba. Tushen dabarar ya kai 1979 a tsarin Unix, FreeBSD ta faɗaɗa ta a 2000, Linux ta sami nata kayan aikin wajen 2008, amma Docker ne a 2013 ya sauko da ita inda talakan ma'aikaci zai kai hannu. Yau masu FreeRADIUS da kansu suna fitar da dunƙulen da aka shirya. Tsohuwar kwamfutar ofis, ko 'yar Raspberry Pi da batir da faifan sola za su iya riƙewa, ta isa. In na'urar ta ƙone, a zafin Afrilu na Sakkwato da ke haura digiri 40 kuwa ba abin mamaki ba ne, sai a tayar da dunƙulen a wata.

Sai dai masu tallata kwantena sukan yi shiru a kan abin da ke biyo baya. Kwantenar manhaja ba ta da tuni: in aka rushe ta aka tayar da sabuwa, duk abin da aka rubuta a cikinta ya tafi, don haka dole kundin sunaye da lissafin tikiti su zauna a wajenta, a kuma riƙa kwafe su zuwa wani wuri. Tana kuma zaune ne a bayan adireshi na cikin gida, wanda a wasu shirye-shiryen yake sauya adireshin mai tambaya, sabar ta ga baƙuwar fuska ta yi gum, ma'aikaci ya kwana yana neman laifi a inda babu. FreeRADIUS tana zuwa da kalmar sirri ta gwaji da duk duniya ta sani, da takardun shaida na gwaji masu ƙarewa bayan kwana 60, kuma ba kowa ke tuna sauya su ba. Ga kuma nauyin doka: tun Yunin 2023 Nijeriya na da dokar kare bayanan jama'a, wanda duk ya tara sunaye da lambobin waya da lokutan shigar mutane, amanarsu na wuyansa, kuma a garin iyaka irin wannan kundi ba zai rasa masu sha'awar leƙawa ba.

Shi kansa tsarin shekaru sun fara nunawa a jikinsa. A watan Yuli na 2024 wasu masu bincike suka bayyana wata ɓaraka da suka sa wa suna Blast-RADIUS. Sun nuna cewa hanyar lissafin MD5 da aka dogara da ita tun zamanin Livingston ta yi rauni, har wanda ya samu ya tsaya tsakanin ƙofa da saba zai iya mayar da amsar a hana ta zama a bari. Masu manhaja sun fitar da gyara nan take. Waɗanda ke haya, kamfani ne ya ɗauki nauyin yi musu. Wanda sabarsa ke kan kanta a bayan shago, sai ya ji labarin da kansa, ya sauko da sabon dunƙule, ya kuma bi ƙofofinsa ɗaya bayan ɗaya ya sabunta su, daga tasha har bakin kara.