Kunnen Nima: yadda ƙ ta koma k a zangunan Akra

Duk wanda ya sauka a shataletalen Kwame Nkrumah, wanda mutanen Akra ke kira Circle, ya hau motar Nima ko Maamobi, ba zai kai ƙarshen tafiyarsa ba sai Hausa ta shiga kunnensa. Sai dai idan Bakano ne ko Bakatsine, zai ji wani abu ya sauya. Mai koko za ta ce masa ya kara sukari, yaron mota zai ce a janye kafa daga bakin kofa, kuma ana iya ce masa "Hajiya ya tafi kasuwa" ba tare da kowa ya ɗaga ido ba. Na sha jin ɗalibai suna kiran wannan gurɓatacciyar Hausa. Hukunci ne na gaggawa, domin abin da suka ji yana da tarihi, rabinsa a hanyar goro da barikin soja, rabinsa kuma a ɗakunan binciken yadda kunne ke tsinkayar magana.

Fatake ne suka fara kai Hausa wannan nahiya. Tun kafin zuwan Turawa ayari ke tashi daga Kano da Katsina zuwa Gwanja neman goro, kuma Salaga ce babbar kasuwarsu. Yaƙin basasar da ya ci Salaga a 1892 ya watsa malamanta da attajiranta. A cikinsu akwai Malam Umaru, haifaffen Kano a 1858, wanda ya koma Kete-Krachi ya zauna har rasuwarsa a 1934. A Akra kuwa, Malam Naino, mutumin Katsina, ya kafa Zangon Malam a ƙarshen ƙarni na 19, ɗansa Malam Bako ya buɗe Sabon Zango a farkon ƙarni na 20. Nima ta zo daga baya, a shekarun 1930, lokacin da Malam Amadu Futa, Bafulatani mai harkar shanu, ya samu fili a wajen mutanen Osu.

Hanya ta biyu ta soja ce, kuma a ganina ita ta fi barin tabo a harshen. A 1863 John Glover ya kafa runduna a Legas wadda aka sa wa suna Hausawan Glover, aka kai ta yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga nan sunan "Hausa" ya bi duk ɗan arewan da ya sa kaki, ko Bamoshe ne ko Badagombe ko Bazabarme, Hausa kuma ta zama harshen bariki. A zango ma haka abin yake: Kotokoli da Wangara da Yarabawa da Mosawa suna haya a gida ɗaya, suna sallah a masallaci ɗaya, Hausa ce ta haɗa su. Abin lura shi ne yawancinsu da gemunsu suka koye ta.

A nan ne kimiyyar harshe ke da abin cewa. Ku tuna cewa ƙ da ts tunkuɗau ne, ana rufe maƙwallato a ɗaga shi sama ya tunkuɗo iska, ɓ da ɗ kuwa haɗiyau ne. Su ne ke raba baki da baƙi, fada da faɗa, bari da ɓari, sara da tsara. To, Akan da Ga da Dagbani da Mosanci da Zabarmanci da Yarbanci duk babu waɗannan sautuka a cikinsu. Fulatanci yana da ɓ da ɗ, amma ba shi da ƙ. Tambayar ita ce: me baligi ke ji idan aka furta masa sautin da babu shi a harshen mahaifiyarsa?

A 1957 Alvin Liberman da abokan aikinsa a cibiyar Haskins ta Amurka suka ƙera sautuka da na'ura, suna sauya su kaɗan-kaɗan daga b zuwa d zuwa g. Masu sauraro ba su ji sauyin yana tafiya sannu a hankali ba. Sun ji b, sun ji b, sai kwatsam suka ji d. Wato kunne yana jefa sauti cikin rukunin da ya riga ya sani, bambancin da ke cikin rukuni ɗaya kuma yakan wuce shi. A 1984 Janet Werker da Richard Tees a Kanada suka nuna lokacin da rukunan ke kafuwa. Sun kunna wa jariran iyaye masu Ingilishi sautukan Indiyanci da na wani harshen Salish na yammacin Kanada, kuma ɗaya daga cikin sautukan Salish ɗin ɗan'uwan ƙ ɗinmu ne. 'Yan wata 6 zuwa 8 suna rarrabewa. Zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Tun yaro bai fara tafiya ba kunnensa ya ɗauki zanen harshen gidansu.

Saboda haka sojan Dagomba da ya ji kwamandansa ya ce ƙafa, kafa ya ji, kuma abin da ya ji shi ya maimaita. Wannan ba kasalar harshe ba ce. Masanan Turai ma sun faɗa ramin: J. F. Schön, wanda ya wallafa ƙamus na Hausa a 1876 bayan shekaru yana fama da harshen, bai ware waɗannan baƙaƙe ba, alhali malaman ajami sun daɗe suna rubuta k da kaf, ƙ kuma da ƙaf. Sai a shekarun 1930 baƙaƙe masu ƙugiya suka zauna a boko. Auna su da na'ura ya zo daga baya, a littafin Peter Ladefoged na 1964 kan furucin harsunan Afirka ta Yamma, da kuma aikin Geoffrey Lindsey da Katrina Hayward da Andrew Haruna na 1992, waɗanda suka duba motsin tantanin maƙwallato a lokacin furta su.

Batun jinsi bai buƙatar dogon bayani. Babu ɗaya daga harsunan da na lissafa da ke raba "shi" da "ita". Mu ma a gida, Bazazzagi na cewa rigan Audu, kuma a Bauci bambancin jinsi ya yi rauni ƙwarai.

Amma kada a tsaya a kan kakanni. Yarinyar da aka haifa a Maamobi ba koyon Hausa ta yi ba, da ita ta buɗi baki. A wajenta k ɗaya ce tal, kamar yadda Bakano bai rasa komai ba don ba ya cewa "hwara" irin ta Basakkwace. Marigayiya Mary Esther Kropp Dakubu ta Jami'ar Gana da ke Legon, a littafinta na 1997 kan tarihin harsunan Akra, ta sa Hausa a jerin manyan harsunan birnin tare da Ga da Akan da Ingilishi. Gananci karin harshe ne mai 'ya'yansa, haka ya kamata ku rubuta shi a jarrabawa.

Akwai wata tambaya da nake so ɗayanku ya ɗauka idan ya kammala digirin digirgir ya samu gurbin bincike. Rashin furta sauti ba shi ne rashin jin sa ba. Mutanen Nima suna kallon finafinan Kano, suna sauraron BBC Hausa, suna jin wa'azin malaman Nijeriya a wayoyinsu, wasu kuma sun koyi ƙaf a allo. Shin kunnensu na raba baki da baƙi ko da bakinsu bai raba ba? Gwajin ba ya buƙatar kayan aiki masu tsada. A naɗi muryar Bakano yana furta kalmomi biyu-biyu, a kunna wa mai sauraro uku a jere, a tambaye shi ta ukun da wacce ta yi kama, a auna daidai da kuskure da kuma tsawon lokacin da ya ɗauka kafin ya amsa. A gwada dattijon da ya yi karatu a Kano, da jikarsa da ba ta taɓa wuce Kumasi ba, da Bakotokolin da ya zo Akra yana ɗan shekara 20. Wahalar kawai ita ce samun ɗaki mai shiru a Nima, kuma shawarata a nemi ajin makarantar Islamiyya bayan an tashi yara.